Akwati Uku a Bayan Zana: Shaidata Kan Zaɓen Tarayya na 1959

Ina cikin malaman elemantare da aka ɗebo suka yi aikin rajista da na rumfa a zaɓen tarayya na ranar Asabar, 12 ga Disamba, 1959, a wata gunduma ta lardin Kano. Mu da muka riƙe littafi a ranar nan saura ƙalilan a doron ƙasa, shi ya sa na ga gara in ajiye abin da na sani tun da sauran numfashi. Abin da ya tunzura ni kuwa gardamar da nake ji jikokina suna yi ce. Wasu su ce ai zaɓen da can tsaf yake, mutane na tsoron Allah. Wasu su ce Turawa ne suka rubuta sakamako suka miƙa wa Sardauna. Duk cikinsu babu wanda ya faɗa daidai. A iya ganin idona, ƙuri'ar da aka ƙirga ita ce aka samu a cikin akwati. Sai dai kafin a kafa zanar rumfa an riga an gama fiye da rabin zaɓen a wani wuri dabam.

Sai an san irin zaɓen da muka saba da shi kafin a gane girman wannan. A 1951 zaɓen hawa-hawa aka yi a Arewa. Masu biyan haraji na ƙauye su taru a ƙofar dagaci su fid da wakili, wakilan nan su je gunduma su sake fid da wasu, daga nan sai babban gari, sannan lardi. A matakin ƙarshe doka ta ba En'e, wato hukumar mulkin sarki, damar ƙara mutanenta har kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, ta yi rawar gani a matakin farko cikin birnin Kano, amma da aka kai ƙarshen tsani ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba. Zaɓen tarayya na 1954 ma haka aka yi shi a Arewa. Na 1959 shi ne karo na farko da manomi a ko'ina cikin Arewa ya shiga ɗaki shi kaɗai, ba hakimi ba dogari, ya zaɓi wanda zai je majalisar Ikko da hannunsa.

Rabon kujeru shi ne gindin komai. An naɗa kwamitin yanka mazaɓu ƙarƙashin wani Bature, Lord Merthyr, ya ɗauki ƙidayar 1952 zuwa 1953 ya raba ƙasar mazaɓu 320, kowace wajen mutum dubu ɗari. Takwas daga ciki na Kudancin Kamaru ne, su kuwa ba su shiga zaɓen ba, saura 312. Arewa ta sami 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Ku tara na Kudu duka, 138 ne. Mai neman rinjaye shi kaɗai yana bukatar 157. Ma'ana jam'iyyar da ta share Arewa za ta iya mulkin Nijeriya ba tare da ta roƙi kowa ƙuri'a a ƙetaren Kwara ba, jam'iyyar Kudu kuwa ko ta cinye Gabas da Yamma da Ikko gaba ɗaya ba ta kai ba. Wannan lissafin ne ya fito da Awolowo, Firimiyan Yamma, daga Ibadan ya zo Arewa neman ƙuri'a, ba son yawo ba.

Ga wani abu da yara ba su sani ba: mata ba su yi zaɓe a Arewa ba. A Kudu duk wanda ya kai shekara 21, namiji ko mace, yana da ƙuri'a. A wajenmu maza kawai. NPC, jam'iyyar Sardauna, ta ce lokaci bai yi ba, NEPU ta ce ya yi, su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kan siyasa da wannan magana. Amma da yake da yawan jama'a aka raba kujeru, ba da yawan masu zaɓe ba, hana mata bai rage wa Arewa kujera ko ɗaya ba. An ƙirga su a ƙidaya, ba a ƙirga su a akwati ba.

Hukumar zaɓe tana ƙarƙashin wani Bature mai suna Wraith, kowane yanki da wakilinsa. Rajista aka fara da ita tun farkon shekara. Aiki ne da ake gani kamar mai sauƙi, amma a nan kurakurai suka fi yawa. Mutum ya zo da kansa, a rubuta sunansa, a ba shi kati mai lamba. Matsala ta farko suna. A unguwa ɗaya sai ka sami Audu takwas, Garba shida. Dole ka haɗa da sunan uba ko sana'a ko laƙabi: Audu Maƙeri, Audu Na-Ta'ala, Audu Dogo. Malamin da ya yi ganda ya rubuta Audu kawai, ranar zaɓe shi zai sha wahalarsa. Ta biyu shekaru. Babu takardar haihuwa, sai a yi ta auna mutum da abin da ya faru a duniya. Wanda zai cika 21 a 1959 dole an haife shi kafin yaƙin Hitila, don haka tambayar da muke yi ita ce, da aka fara ɗiban soja kana ina, a goye kake ko kana tafiya? In an rasa, a dubi ko yana biyan haraji, ko yana da iyali, mai unguwa ya yi shaida. Ta uku tsoro. Talaka bai taɓa ganin an rubuta sunansa a littafin gwamnati alheri ya biyo baya ba. Wasu suka ce ƙarin haraji ne, wasu suka ce aikin tilas. Inda dagaci ya tsaya, mutane sun fito. To amma ku lura da abin da wannan ke nufi: wanda ya kawo ka rajista, ya tsaya a kanka aka rubuta, shi ne kuma mai karɓar harajinka, mai raba gona, mai kai ka gaban alƙali. Duk da haka mutum sama da miliyan tara suka yi rajista a ƙasar, sama da miliyan uku da rabi daga Arewa.

Kowace jam'iyya da alamarta, don yawancin masu zaɓe ba su karanta boko, ko da yake da dama suna karanta ajami. NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, fartanya ce alamarta, kirarinta Salama. NEPU tauraro, kirarinta Sawaba. Ƙawarta NCNC ta Azikiwe zakara. AG ta Awolowo bishiyar kwakwa. AG ba ta shigo Arewa ita kaɗai ba, ta haɗa kai da UMBC ta Joseph Tarka a ƙasar Tibi da Filato, da mutanen Ibrahim Imam a Barno, da Talaka Parapo a Ilori. Abin da take tallatawa shi ne a yanka sababbin jihohi, bayan kwamitin Willink a 1958 ya ƙi ba da shawarar a yanka. Awolowo ya zo da kuɗi da motoci masu lasifika da jirgi mai saukar ungulu, har da jirgin da ke rubuta sunansa da hayaƙi a sama. Mutane sun fito kallo ƙwarai, amma kallo dabam, ƙuri'a dabam. Abin da jirgin ya yi na haƙiƙa shi ne ya tilasta wa Sardauna da manyan NPC shiga ƙauye-ƙauye cikin ƙura suna roƙon talaka, abin da ba su saba ba, kuma ba su yafe masa ba.

A nan ne zancen adalci ke karyewa. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, ita kuwa En'e yawancin manyan ma'aikatanta 'yan NPC ne, da yawa daga 'yan takarar ma hakimai ne ko 'yan majalisar sarki ko ma'aikatan En'e. Ɗan adawa ya nemi izini, a ce ranar an riga an ba wasu, ko a ba shi fili can bayan gari ranar da ba kasuwa. In ya yi magana ta yi zafi, 'yan doka su kama shi da laifin zagin sarki, alƙali ya ɗaure shi wata uku ko shida, kafin ya fito an gama zaɓe. Akwai kuma dokar da ta hana yara shiga harkar siyasa, wadda ta fi cin NEPU, don samari da yara ne ke rera mata waƙoƙi. A Kano ga 'Yan Mahaukata suna dukan 'yan Sawaba, su ma 'yan Sawaba suka kafa nasu ƙarti. Mai sayen gyaɗa ko ɗan tireda da aka sani da tauraro yana iya rasa rumfarsa a kasuwa. Duk wannan ba a cikin akwati yake ba, amma shi ya yanke wa mutane da yawa shawara tun kafin su ga akwatin.

To ga yadda rumfar take. Yawanci ajin makaranta ne, ko ɗakin shari'a, ko zaure, inda babu kuwa a kafa zana. Kowace rumfa tana da masu zaɓe 'yan ɗaruruwa. A waje tebur, shugaban rumfa, malamai masu littafi, ɗan doka ko ɗan sanda mai tsare layi, da wakilin kowane ɗan takara. A ciki, bayan zana, akwatuna jere, kowane ɗan takara da nasa, an manna alamarsa a jiki. Akwati uku ne a rumfarmu: fartanya, tauraro, kwakwa. Kafin a fara, shugaba ya buɗe kowane akwati ya kifa shi a gaban wakilai su ga babu komai, sannan a kulle a sa hatimi. Mai zaɓe ya miƙa kati, a nemo sunansa a ja masa layi, a shafa masa tawada a babban yatsa, a yago masa takardar ƙuri'a a buga mata hatimin rumfa. Ya shiga shi kaɗai ya jefa a akwatin wanda yake so. Ba ya rubuta komai, ba ya dangwala komai. Akwatin da takardar ta faɗa shi ne zaɓinsa.

Kyawun wannan tsari shi ne da wuya ƙuri'a ta lalace. Tsohon da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya san fartanya, ya san tauraro. Amma ramukansa suna da yawa, bari in faɗe su dalla-dalla.

Babba shi ne fita da takarda. Tun da babu mai ganin mutum a ciki, yana iya cusa takardar a aljihun babbar riga ya fito kamar ya jefa. A bayan gari akwai mai jira da 'yan kwabbai. In ya tara goma ko ashirin sai ya ba wani amintacce wanda bai yi zaɓe ba tukuna, ya shiga ya zuba su duka a akwati ɗaya. Lissafin rumfa ba zai nuna komai ba, don takardun na gaske ne, da hatiminmu, kuma adadin da aka bayar shi ne adadin da ke ciki. Abin da ke tona shi a wajen ƙirga shi ne a ga takardu biyar ko shida naɗe wuri ɗaya, kamar ƙunshin goro. Maganin da muke da shi kawai lura: wanda ya daɗe a ciki, wanda ya fito hannu a aljihu, wanda aka ga ya nufi wani lungu maimakon gida.

Na biyu, asirin ba cikakke ba ne. Zana tana da ƙofofi, in rana ta karkata ana ganin inuwar mutum ta nufi dama ko hagu. In ƙasan rairayi ne, kafin azahar sawun ƙafa ya fid da hanya zuwa akwatin da aka fi zuwa, mai shigowa daga baya kuwa ya bi sawu, don Bahaushe ba ya son ya zama saniyar ware. Shugaban da ya san aikinsa yakan sa a share ƙasan lokaci-lokaci, ya kuma jera akwatunan kusa da juna. Ga jita-jita da aka baza cewa akwai madubi a cikin akwati, ko lambar takarda za ta nuna wa hakimi wanda ka zaɓa. Ba sai abin ya zama gaskiya ba, in mutum ya yarda ya isa.

Na uku, rashin sani. Duk da gwajin da aka yi ta yi a ƙauyuka kafin ranar, sai ka shiga dubawa ka tarar da takarda a kan akwati, ko a ƙarƙashinsa, ko an soka ta a jikin zana. Wani ya jefa katin rajistarsa ya fito da ƙuri'ar a hannu yana tambaya ina zai kai ta. Wani ya yaga ta biyu don kada ya ɓata wa kowa. Shi ya sa shugaba ke shiga duba ɗakin jefi-jefi, kuma ba ya shiga sai da wakilan 'yan takara, don kada a ce ya taɓa wani abu. Yana duba bakin akwati ko an toshe shi da tsumma ko kara, yana duba alama ko an ɓanɓare ta, don in tauraro ya faɗi daga jikin akwati na sa'a guda, ɗan takarar ya yi asarar da ba mai mayar masa. Makaho kuwa shugaba ke raka shi ya raɗa masa wanda yake so.

Tawada ma da nata. Disamba ne, hunturu ya busar da hannu, yatsan manomi ya yi kanta, sai ka danna sosai kafin ta kama. Mai wayo kuma yakan shafa man gyaɗa tun daga gida don ta wanku. Amma a ƙauye yin zaɓe sau biyu da wuya, kowa ya san kowa. A birni da Sabon Gari ne abin ke da ƙarfi.

Jama'a kam sun fito. Tun da sanyin safiya layi ya miƙe, mutane ƙudundune cikin bargo, kakar gyaɗa ce amma aka bar awo aka zo. A Arewa kusan tara cikin goma na masu rajista sun jefa ƙuri'a, abin da ya fi na Kudu. Kada ku ce duka ƙauna ce. Inda mai unguwa ya bi gida-gida da asuba, zama a ɗaki ma magana ce.

Da aka tashi, a rufe bakin kowane akwati da hatimi, wakilai su shaida. Sai lissafi: takardu nawa aka karɓo, nawa aka bayar, nawa suka rage, layi nawa aka ja a littafi. In bai daidaita ba, ba ka tashi. Ba a rumfa ake ƙirga ba, ana kwashe akwatunan zuwa wuri ɗaya a mazaɓa, a gaban baturen zaɓe. Wannan tafiyar ita ce wuri mafi hatsari, shi ya sa wakilin da ya san ciwon kansa yake hawa motar ya zauna a kan akwatin ubangidansa. Inda mota ba ta zuwa, da doki da jaki da kwalekwale da ɗan dako aka kawo. A juye akwatunan ɗan takara ɗaya a tebur, a ware marasa hatimi, a ɗaure sauran dami-dami, a ƙirga a hasken fitila mai famfo. Sakamako ya ɗauki kwanaki yana fitowa, mutane sun kewaye akwatin rediyo a ƙofar gidan mai hali.

Ga abin da ya fito. NPC kujera 134, duka a Arewa. NCNC 81, wato 58 a Gabas, 21 a Yamma, 2 a Ikko. NEPU 8, ciki har da Malam Aminu Kano da ya ci Kano ta Gabas, haɗe da NCNC ke nan 89. AG da ƙawayenta 73: Yamma 33, Arewa 25, Gabas 14, Ikko 1. Sauran 16 na ƙananan jam'iyyu ne da 'yan indifenda, irin su ƙungiyar Igala da ta Igbira da Mabolaje ta Ibadan, yawancinsu kuma suka bi NPC har ta kai 148.

Yanzu ku dubi ƙuri'a, ku bar kujera. NCNC da NEPU a haɗe sun fi miliyan biyu da rabi. NPC da AG kowace wajen miliyan biyu. Wanda ya fi ƙuri'a bai fi kujera ba, kuma ba sata ba ce, tsarin ne. Da yake mata ba su jefa ba, kujerar Arewa a matsakaici ƙuri'a ƙasa da dubu 19 ke kanta, ta Kudu wajen dubu 28. A cikin Arewa kanta, NPC ta sami kimanin kashi 61 cikin ɗari na ƙuri'a amma ta kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu na kujeru. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne na NEPU da AG. Kowace ta sami ƙuri'a rabin miliyan da 'yan kai a Arewa, amma AG kujera 25, NEPU 8. Dalili, ƙuri'ar AG a dunƙule take a ƙasar Tibi da Filato da makamantansu, inda ta fi kowa sai ta ci. Ta NEPU kuwa a warwatse take cikin masarautu, nan dubu uku, can dubu biyar, ta zo ta biyu a wurare da yawa, ta biyu kuma a irin wannan zaɓe daidai yake da babu. A wasu mazaɓun tauraro da kwakwa suka raba ƙuri'ar adawa, fartanya ta wuce ta tsakiya.

Ko da 148 NPC ba ta kai 157 ba. NCNC da NEPU da AG kuwa in sun haɗu 162 ne, sun isa su kafa gwamnati su bar NPC a adawa. Awolowo ya nuna zai yarda ya yi aiki a ƙarƙashin Azikiwe. Abin bai yiwu ba. NCNC ba ta manta abin da ya faru a majalisar Yamma bayan zaɓen 1951 ba, lokacin da Azikiwe ya ga rinjayen da yake tsammani ya koma hannun AG, ga kuma AG tana goyon bayan masu son a yanka jiha daga Gabas. Shugabannin Arewa su ma ba za su zauna a ƙarƙashin gwamnatin Kudu zalla ba, Gwamna Janar Sa James Robertson kuwa ya san haka. Bai jira an gama cinikin ba ya kira Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda dama shi ne Firayim Minista tun 1957, ya ce ya kafa gwamnati. Masu cewa Turawa sun karkata, a nan suke da abin riƙewa, ba a wajen ƙirga ba. Aka yi gwamnatin haɗin gwiwa, NPC minista goma, NCNC bakwai. Su Muhammadu Ribaɗu, Inuwa Wada, Zanna Bukar Dipcharima, Maitama Sule, Shehu Shagari da Musa 'Yar'aduwa daga Arewa, Okotie-Eboh ya riƙe kuɗi. Azikiwe ya bar Gabas wa Okpara ya zama shugaban majalisar dattawa, a Nuwamban 1960 ya zama Gwamna Janar. Awolowo ya bar Yamma wa Akintola ya zama jagoran adawa. Sardauna, Allah ya jiƙansa, ya ƙi zuwa Ikko, ya zauna Kaduna. Wannan majalisar ce ta karɓi mulkin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960.

Wadda ta fi shiga tsaka mai wuya NEPU ce. Ƙawarta ta shiga gwamnati da abokiyar gabarta, Malam Aminu ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Ikko, a gida kuwa ana ci gaba da ɗaure mutanensa. Ɗan Sawaba na ƙauye da ya sha bulala a kan tauraro ya rasa yadda zai fassara wannan. Da aka zo zaɓen majalisar Arewa a 1961, cikin kujera 170 NEPU ɗaya ta samu. A ƙasar Tibi kuma, inda kwakwa ta ci amma En'e ta zauna a hannun waɗanda suka faɗi, kafin shekarar 1960 ta ƙare gidaje sun ci wuta.

Tsarin akwati-akwati da shi aka sake yin zaɓen 1964, kuma zuwa lokacin duk ramukan da na lissafa an gano su an faɗaɗa su, har an ƙara da hana ɗan adawa miƙa takardar tsayawa don a ce wane ya ci ba hamayya. Sai a 1979 aka koma takarda mai ɗauke da alamun jam'iyyu duka, a dangwala a ɓoye, a jefa a akwati ɗaya a gaban kowa. A zaɓen ne kuma matan Arewa suka fara zaɓen 'yan majalisar tarayya, bayan sun fara da na ƙananan hukumomi a 1976, shekara goma sha bakwai bayan ranar da muka ja wa mazansu layi a littafi.